Yadda Tsiro Ke Jure Wa Fari da Gishiri



Duk wanda ya gangara lambunan bakin Kogin Kaduna ta wajen Malali a watan Maris, da tsakar rana, zai ga ganyen tumatir ya yi laushi, amma da la'asar sai ya miƙe, ko ba a ba shi ruwa ba. Manomi zai ce rana ce ta yi zafi, kuma gaskiya ne. Amma akwai abin da tsiron kansa ya yi don ya tsira, shi ne batunmu yau.

A jikin ganye akwai kafofi ƙanana ainun, ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma. Ta nan iska ke shiga, wadda tsiro ke haɗa abincinsa da ita, ta nan kuma ruwa ke fita ya bi iska. Kowace kafa tana da ƙwayoyin halitta biyu masu gadinta. In ƙasa ta bushe, sai tsiro ya yawaita wani sinadari mai kai saƙo a jikinsa, wanda masana ke kira asid absisik. Da ya isa wurin masu gadin nan, sai sinadarin fotashiyam ya fice daga cikinsu, ruwa ya bi shi, su saki jiki, kafa ta rufe. A shekarar 1963 Frederick Addicott ya ware wannan sinadari a Amurka daga 'ya'yan auduga. A 1969 masana a Ingila suka ga ya ninka kamar sau 40 a ganyen alkama da ya yi yaushi, sai a 2009 aka gano abin da ke karɓar saƙonsa a cikin ƙwayar halitta.

To, amma fa ba kyauta ba ne. Kafar da ta rufe ta hana ruwa fita, ta kuma hana iska shiga, saboda haka girma ya tsaya. Wannan ne ya sa a farin 1973 da na 1984 gonaki da yawa ba su mutu ba, amma zangarniya ba ta cika ba. A ganina, nan ne wahalar aikin masu zaɓen iri take, kamar na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru: a sami dawar da za ta rufe kafofinta daidai gwargwado, ba wadda za ta firgita da kwana uku na rashin ruwa ba.

Sha'anin gishiri ya fi ban mamaki, domin tsiro yakan yi ƙishirwa alhali saiwarsa na cikin laima. Gishiri ko kanwa in suka yawaita a ƙasa sukan riƙe ruwan, saiwa ta kasa ja, sai saƙon nan na fari ya tashi, kafofi su rufe. Daga baya gishirin ya taru a tsofaffin ganyaye, wani sinadarin mai suna etilin ya taimaka su kaɗe. Ruwan damina a Kaduna yana da yawan da zai wanke ƙasa. Haɗarin ya fi girma can arewa, wajen Kadawa da kwarin Haɗeja, inda rana ke shanye ruwan ban-ruwa ta bar gishirinsa a fili. Ma'aikacin da ke tsara aikin noman rani, in ya ware kuɗin hanyar shigar ruwa, to, ya ware na magudanar fitar da shi a cikin kasafi guda.