Masaukin Malami a Ƙasar Waje



Birnin Kano ya daɗe da sanin malami baƙo. A 1934 shehunnai suka zo daga Sudan koyar da shari'a a makarantar da ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A al'adar cikin birni kuwa, baƙo yana da mai masauki ɗaya, shi ne ubansa har ya tafi.

Yau mu ma muna fita. Tun 1987 Nijeriya ke aika malamai da sauran ƙwararru ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, aikin shekara 2. Ita ke biyan alawus, ƙasar da aka je ke ba da gida. To, a nan gizo ke saƙar, domin mai biyanka daban, mai saukarka daban. Idan rufi ya yi yoyo, kowa sai ya tura ka wurin ɗan'uwansa.

Saboda haka kafin ka sa hannu, ka nemi a rubuta: ɗaki nawa ne? Kai kaɗai, ko za a haɗa ku? Wa zai biya kuɗin wuta da ruwa? Idan aiki ya ƙare, kwana nawa za a ba ka ka kwashe kayanka? Kalmar “masauki” kaɗai a takarda tana iya zama gado ɗaya a ɗakin kwanan ɗalibai, alhali ka tafi da iyali.