Awo, Lissafi da Ƙarfe: Aikin Farfesa Yasir Abbas a kan Ruwan Nilu

Ruwan da ke isa famfunan unguwar Alsahafa, a kudancin Khartoum, yana fitowa ne daga tashoshin tacewa da ke gaɓar Nilu, kuma zamansa lafiya ya dogara ga abubuwa uku da injiniyoyin zamani ke haɗawa wuri guda. Akwai na'urar awo, wato duk wata na'ura da ke jin zafi ko tsayin ruwa ko saurin gudunsa ta mayar da shi lamba. Akwai kwamfuta da ke sarrafa lambobin ta fitar da hasashe. Sannan akwai ƙarfe mai motsi, kamar injin famfo da ƙofar madatsa, wanda ke aiwatar da abin da aka yanke. Rayuwar aikin Farfesa Yasir Abbas Muhammad, injiniyan ruwa da ya yi karatu a Jami'ar Khartoum da kuma Delft ta ƙasar Holan, ta ratsa dukan ukun.

Bincikensa na digirin digirgir, wanda ya kammala a 2005, ya shafi Sudd, makekiyar fadamar nan da Farin Nilu ke bazuwa a cikinta a yankin da yanzu ya zama Sudan ta Kudu, inda kusan rabin ruwan da ya shiga ke tashi sama a matsayin tururi. Domin ceto wannan ruwa aka fara haƙa magudanar Jonglei a 1978 da wani ƙaton injin haƙa mai juyawa, har yaƙi ya tsayar da aikin a 1984 bayan an haƙa kimanin kilomita 240 daga cikin 360. Abin lura shi ne an tura ƙarfe gaba tun awo bai kammala ba, domin fadamar ba ta shiguwa cikin sauƙi, balle a kafa mata ma'aunai a ko'ina. Farfesa Yasir da abokan aikinsa sun yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam masu nuna zafin doron ƙasa, suka lissafa yawan tururin da ke tashi, ganin cewa wuri mai jiƙa ya fi busasshe sanyi saboda tururi yana tafiya da zafi. Daga nan suka sa sakamakon a cikin tsarin kwamfuta mai kwaikwayon yanayi, wanda ya nuna cewa busar da fadamar ba zai rage ruwan saman yankin sosai ba, amma zai sauya zafi da danshin wurin kansa, wanda makiyaya da masunta ke rayuwa a kai.

Daga baya ya jagoranci Cibiyar Binciken Ruwa ta Wad Madani, a tsakiyar Jazira, gonar ban ruwa mai faɗin fiye da faddan miliyan 2 wadda madatsar Sennar ke shayarwa tun 1925, kuma wadda Hausawa da Fulani, ciki har da mutanen garin Mai Wurno, suka daɗe suna zuba guminsu a audugarta. A nan matsalar ba ta sararin samaniya ba ce. Shuɗin Nilu yana sauko da laka mai yawa daga tsaunukan Habasha a lokacin damina, lakar ta cike magudanai, ƙofofin ƙarfe su yi tsatsa, manomin da ke ƙarshen layi ya rasa ruwa alhali na farkon layi gonarsa ta malale. Ɗalibai sukan fi sha'awar tauraron ɗan'adam da rubuta manhaja, su raina gyaran ƙofa da yashe magudana, kuma wannan kuskure ne, domin hoton sama yana iya nuna gonar da ƙishirwa ta kama, amma ba ya buɗe ƙofar da ta cije.

A 2019 aka naɗa shi ministan ban ruwa da albarkatun ruwa a gwamnatin Firaministan Sudan Abdalla Hamdok, ya zama mai magana da yawun Sudan a tattaunawar madatsar Habasha ta Renaissance. Abin da ya fi nanatawa shi ne yarjejeniyar musayar bayanai, saboda madatsar Roseires ta Sudan tana ƙasa da ta Habasha da tazarar da ba ta wuce kilomita 100 da 'yan kai ba, kuma mai kula da ƙofofinta yana bukatar sanin abin da za a sako masa kafin ya iso. Shekarar 2020 ta gaskata damuwar: a watan Yuli, lokacin cikon farko na madatsar Habasha, kogin ya ja baya har wasu tashoshin ruwan sha na Khartoum suka tsaya, sannan a watan Satumba Shuɗin Nilu ya haura mita 17 da rabi a birnin, ya zarce ambaliyar 1946 da ta 1988.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya lalata tashoshin ruwa da na lantarki a Khartoum, ya kuma isa Wad Madani a watan Disamba na 2023, ta yadda aikin da ke gaban injiniyoyi masu tasowa ya haɗa da sake kafa ma'aunai a bakin kogi, da gyaran injunan famfo, da tattara tsofaffin bayanan awo da suka warwatse.