JAWABIN MASU SAYAR DA KAYAN MAKARANTA A TARON IYAYE KAN NARKA KALA DA ZAFI

 

Mu masu sayar da kayan makaranta a nan Sabo aka nema mu yi bayani a kan wasan da ya shigo hannun yaranmu, wato narka kala don yin zane. Dalilin kuwa kowa ya sani. A hutun da ya wuce wani yaro ya tara gutsattsarin kala a gwangwanin madara ya ɗora a risho. Abin ya kama da wuta, ya kwara ruwa, wutar ta fantsamo masa a hannu. Tun daga ranar wasu iyaye suka ce a raba yara da kala baki ɗaya. To, mu dai a ganinmu gyara ake bukata, domin aikin nan ɗumi yake so, ba ya son harshen wuta.

Ita kala, wadda ake kira kireyon, kakin kyandir ce aka gauraya da garin launi. Kamfanin Binney da Smith na Amurka ya fara sayar da samfurin Crayola a 1903, launi 8 a kwali ɗaya. Kakin nan yakan fara laushi daga wajen digiri 40, kafin ya kai 65 ya narke, alhali ruwa sai ya kai 100 yake tafasa. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa barin kwalin kala a shago mai rufin kwano a watan Maris ya san wannan, don mun sha yin asara. Kun ga ke nan zafin risho ya wuce kima nesa ba kusa ba.

Kuma sana'ar ba sabuwa ba ce. A yankin Fayum na ƙasar Masar, kusan shekara 2,000 da suka wuce, masu zane suna narka kakin zuma da launi su shafa a katako, har yau launin bai dushe ba. Nan kusa ma, wanda ya je kasuwar Itoku a Abekuta ya ga kamfalar da mata ke yi wa ado da narkakken kyandir kafin su rina.

Ga yadda ake yi. Babba ya tafasa ruwa a tukunya, ya sauke ta daga wuta, ya rufe da faffaɗan farantin ƙarfe. A jira har sai ya iya ɗora bayan hannunsa a kai ya ƙirga biyar. Sannan a shimfiɗa takarda mai kauri ko farin kwali, don takardar littafin rubutu shan kaki take yi. Da ka goga kala za ka ji tana sulɓi kamar man shanu. A fara da launi mai haske, sannan mai duhu ya hau. Rawaya da ja su ba ka ruwan goro, rawaya da shuɗi su ba ka kore. Inda launi biyu suka haɗu a murza da 'yar auduga, sai iyakar ta ɓace.

Hanya ta biyu ta dutsen guga ce. A kankare kala a barbaɗa garin tsakanin takardu biyu, a rufa tsohuwar jarida a sama, a ɗan danna. In na gawayi ne a bari ya kusa mutuwa, in na lantarki ne a sa lamba mafi ƙanƙanta. In an daɗe, launukan sai su cuɗe su koma ruwan ƙasa, aiki ya lalace.

Shi fensir mai launi halinsa dabam. Ba ya zama ruwa, laushi kawai yake yi, sai launin ya cike ƙananan ramukan takarda ya fito sumul. Mai kaki da yawa ya fi karɓar ɗumi, shi kuwa mai gaurayen mai, irin Polychromos na Jamus, ba ya saurin laushi. Idan bayan kwanaki ka ga wani fari-fari kamar hazo a kan zanen, kakin ne ya taso, a share a hankali da ƙyalle mai laushi.

Iyaye, ga abin da muke roƙo a riƙe. Kada yaro ya yi wannan aiki shi kaɗai, kuma kada a ɗora kala kai tsaye a kan wuta. In kaki ya kama, ba a zuba masa ruwa, murfi ake kifawa. In an ƙone, a yi ta kwarara ruwan sanyi a wurin har minti 20, ban da manja, ban da ƙwai, sannan a tafi asibiti.

Mun ga wata yarinya ta fitar da zayyana irin ta hula da kala ta hanyar nan, wallahi sai ka ce bugun inji ne. Yaron da hannunsa ya saba da haɗa launi, gobe shi ne mai rubuta allon shago, shi ne mai fitar da zanen ɗinki. Saboda haka muna neman ƙungiya ta ba da aji ɗaya kowace Asabar da malami mai lura. Mu kuma mun ɗauki alkawarin duk karyayyar kalar da ke shagunanmu da kwali, kyauta.

 Allah ya raya mana zuri'a.