Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Wudil Game Da Diyyar Ma'aikacin Da Ya Naƙasa

Talakawa sukan zo ƙofar hakimi suna tambayar kuɗin naƙasassu, yawancinsu kuwa sun ɗauka sadaka ce da Gwamnati ke raba wa makafi da guragu duka. Wataƙila labarin Jihar Jigawa suka ji, inda aka fara ba naƙasassu Naira 7,000 kowane wata a 2007. Abin da za a bayyana yau daban ne, watau diyyar da dokar Tarayya ta 2010 ta yanke wa wanda ya naƙasa a bakin aiki.

Dokokin da suka gabata, ta 1941 da ta 1987, sun ɗora biyan a wuyan ubangidan aiki. Yanzu kuwa kowane mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi 1 bisa 100 na jimlar albashin da yake biya cikin asusun hukumar NSITF, ita ce mai biya. An hana shi cire wannan kuɗi daga albashin yaransa.

Wa ya cancanta? Duk wanda wani ya ɗauka aiki, ko Gwamnati, ko kamfani, ko attajiri. Lebura na wucin gadi yana ciki, da mai koyon sana'a, da baran gida wanda ba ɗan'uwan maigida ba. Saboda haka yaron motar da aka ɗauka lodin yashi a bakin kogi, ko lodin shanu a kara ran Jumma'a, dokar ta san da shi. Ko a hanya tsautsayin ya same shi, tsakanin gida da wurin aiki, ana lissafawa. Amma wanda aka haifa da naƙasa, ko ciwon shan inna ya kama shi yana yaro, ba ta wannan ƙofa zai samu ba, kada a sa masa rai.

Ga yadda ake biya. Idan mutum ya naƙasa ƙwarai, ba shi da sauran moriyar aiki, za a riƙa ba shi kashi 90 bisa 100 na albashinsa kowane wata. Mai Naira 70,000 ke nan ya sami 63,000. In kuwa da sauran ƙarfi, sai a duba abin da ya ragu daga samunsa, a ba shi kashi 90 na ragin. Misali, mai 70,000 ɗin nan ya rasa hannu, yanzu ba ya iya samun abin da ya wuce 40,000. Ragin 30,000 ne, rabonsa 27,000.

Inda malaman hakimai za su fi amfani shi ne wajen kwanaki, domin nan ne haƙƙin mutane ya fi salwanta. Lalle wanda ya ji rauni, ko danginsa, su sanar da ubangidan aiki cikin kwana 14. Shi kuma ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7. Takardar neman diyya kuwa a shigar da ita kafin shekara ta cika. Mutumin ƙauye yakan tafi wurin maɗori ya kwanta wata biyu, kunya kuma ta hana shi yi wa ubangidansa maganar kuɗi. Kunya abin yabo ce, amma a nan hasara take jawowa. Da zarar dagaci ko mai unguwa ya kawo labari, malami ya rubuta rana da wuri da sunayen shaidu, sa'an nan a tura mutumin asibiti ya karɓo takardar likita.