TSATSAR SALANSAR BABUR: A KANKARE KAFIN A YI FENTI

Wani tsohon makaniki ya yi wa masu babura jawabi a kan tsatsar da ke cin salansa bayan damina. Ya ce babur a ƙauye shi ne jakin zamani. Shi ke kai hatsi kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti. Ran da salansa ta huje, sai ƙara da hayaƙi, sannan ga kuɗin sayen sabuwa. Alhali aikin yini ɗaya zai iya ƙara mata shekaru.

Ya ce tsatsa na samuwa ne in ruwa da iska suka haɗu a jikin ƙarfe. Taɓon da ya manne wa salansa yana riƙe laima. Takin zamani da ke zuba daga buhu shi ma yana cin ƙarfe. Daga ciki kuwa, ƙonewar fetur tana fitar da tururi. In tafiya gajeriya ce, salansa ba ta yin zafin da zai busar da shi, sai ya koma ruwa ya kwanta.

Kayan aikin ba su da yawa: sifana, burushin waya, samfefa mai kaushi da mai laushi, omo, tina, tsumma mai tsabta, da gwangwani ɗaya na fentin feshi mai jure zafi.

Da farko a bar inji ya huce sarai. A ɗiga baƙin mai a kan notuna, a ɗan jira, sannan a kwance salansar a hankali, don noti mai tsatsa ba ya wuyar karyewa. A wanke ta da omo, a ƙwanƙwasa ta ko'ina. In akwai huji, a fara kai wa mai walda, domin fenti ba ya toshe rami.

Daga nan sai kankara. Makanikin ya ce nan ne aikin yake, nan ne kuma yawancin mutane ke yin ha'inci wa kansu. A goge da burushin waya, a bi da samfefa mai kaushi, a ƙarasa da mai laushi, har sai farin ƙarfe ya fito. Inda tsatsa ta kafe, a jiƙa tsumma da ruwan khal a naɗe wurin ya kwana. Da safe a goge, a ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, a sake ɗaurayewa da ruwa zalla, a shanya a rana nan take. Ya ja kunne ƙwarai kada a yi amfani da ruwan batir. Yana ƙona fata, yana makantar da ido, yana kuma cinye ƙarfen.

In ta bushe a share ta da tina. Ban da kananzir, domin yana barin maiƙo, fenti kuwa ba ya kama maiƙo. Ko da hannu kada a ƙara taɓa wurin.

Game da fenti, ya ce araha ba ta ado. Fentin ƙofa ko na jikin mota zai ƙone ya ɓare cikin 'yan kwanaki. A duba jikin gwangwani, mai jure zafi yakan nuna lamba kamar digiri 600. A rataye salansar da waya a inuwa, inda babu ƙura, nesa da wuta da taba. A rufe hanci da baki. A girgiza gwangwani sosai, a fesa daga nisan taƙi ɗaya. Shafi uku marasa kauri, da hutun minti 15 tsakaninsu, sun fi shafi ɗaya mai kauri. A bar ta ta kwana.

Bayan an mayar da ita, zafi ne zai gasa fentin ya kama. A tayar da babur a fili na minti 10, a kashe ya huce, a sake na minti 20. Kada a yi wannan a cikin ɗaki ko zaure, domin hayaƙin inji yana kisa.

A ƙarshe ya ce da su, "'Yan'uwa, duk ran da kuka shiga taɓo, ku wanke salansa in ta huce. Rigakafi ya fi magani."