Ranar da Sabarmu Ta Cika: Yadda Nginx Ya Zama Yaron Shagonmu

Yau hirar ta fasaha ce, amma ku biyo ni a hankali.

Shekara biyu muna ɗora hotunan rijiyoyin burtsatsen da suka lalace a unguwanninmu a shafinmu na intanet. Kwatsam sabar da ke riƙe da shafin ta cika maƙil. Ga shi mun riga mun rubuta adireshin hotunan a takardun koken da muka kai ofisoshi. In adireshi ya canza, hujjarmu ta bi ruwa.

Sai na kwashe hotunan zuwa Amazon S3, ma'ajiyar da Amazon ta buɗe a 2006, inda ake zuba fayil a abin da suke kira bokiti. Manhajar Nginx kuma na bar ta a sabarmu, a gaba. Ku ɗauke ta kamar yaron shago: mai saye na tsaye a kanta, yaro ya zaga sito ya ɗauko kaya, mai saye bai ma san inda siton yake ba. Umarnin shi ne proxy_pass, sai ka ba shi adireshin bokitinka.

A nan fa na sha wuya! Tsohon saitinmu yana tura sunan shafinmu a layin Host, alhali da wannan layin S3 ke gane bokitin da kake nema. Sai ya riƙa cewa babu bokitin. Kwana guda ina kame-kame, ashe layi ɗaya ne: proxy_set_header Host, ka sa cikakken adireshin bokitin.

Abu uku kuma kada ku manta. Lambobin IP na S3 suna canzawa, Nginx kuwa tun lokacin tashi yake haddace su, don haka ku sa resolver, ku ajiye adireshin a cikin baribul don ya riƙa sake tambaya. Ku kunna proxy_cache, saboda Amazon na cajin kuɗin fitar da bayanai. Sannan kada ku bar bokiti a buɗe ga kowa, ku taƙaita izinin karantawa ga lambar sabarku kaɗai.

Yanzu duk jami'in da ya buɗe adireshin da ke takardarmu, hoton rijiyar nan yana jiransa, ba zai ce bai gani ba.

Mai tambaya ya ajiye a ƙasa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.