Mai Masauki da Baƙinsa a Cikin Kwamfuta



Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Mai'aduwa ya san aikin fatoma: gida ɗaya, fatake da yawa, kowa da ɗakinsa da kayansa, amma zaure ɗaya ne, randa ma ɗaya. Irin wannan zama ake shirya wa kwamfuta idan aka ɗora mata babbar manhaja fiye da ɗaya, watau kamar Linux da Windows a inji guda, kowace tana zaton gidan nata ne ita kaɗai. Masu wannan ilmi da kansu mai masauki da baƙo suke cewa, saboda haka Bahaushe bai sha wahalar neman kalma ba a nan. Wahalar tana wajen sunan ɓangaren nan na tsakiyar manhaja, mai riƙe da mabuɗan faifai da katin sadarwa da ma'ajiyar aiki. Ana iya aro a ce kanel, amma ƙwaya ta fi dacewa, gama ita ce abin da ke cikin ɓawo.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin IBM ya fitar da VM/370 tun 1972. Jami'ar Kambirij ta Ingila ta fito da Xen a 2003, sa'an nan a 2007 aka shigar da KVM cikin ƙwayar Linux, ita kanta ta zama fatoma.

Kafin a harhaɗa ƙwayar Linux, akwai dubban tambayoyi da akan amsa, kuma yawancinsu amsa uku gare su: y, a gina abin a ciki, m, a ajiye shi gefe sai an bukata, n, a bar shi. A cikin waɗannan amsoshi ake yanke yadda za a raba kayan gida.

Hanya ta farko ita ce ruɗi. Manhajar QEMU takan kwaikwayi tsohuwar na'ura, baƙo ya ɗauka ta gaske ce. Tana aiki da kowane baƙo, sai dai akwai nawa. Ta biyu ita ce virtio, wadda Rusty Russell ya tsara, ta shiga Linux a 2008. A nan baƙo ya san shi baƙo ne. Yakan jera bukatunsa a wani layi da suka yi tarayya a kai da mai masauki, shi kuwa ya biya su bi da bi. Da haka katin sadarwa ɗaya yakan wadaci baƙi da dama. Ta uku, VFIO, ta 2012, ba rabo ba ne, mallakawa ce: a ɗauki na'ura sukutum a danƙa wa baƙo ɗaya. Tana da sauri ƙwarai, amma fa na'urori suna iya rubutu kai tsaye cikin ma'ajiyar aiki, don haka in ba a kunna mai gadin nan da ake kira IOMMU ba, a ƙwaya da kuma a injin, wanda aka ba na'urar an ba shi hanyar shiga ɗakin kowa.

Hanyar farko ma ba ta tsira ba. A 2015 aka gano wata ɓaraka, aka sa mata suna VENOM, a ɓangaren QEMU mai kwaikwayon tsohon faifan fulofi, abin da kusan kowa ya daina amfani da shi. Tun 2004 take nan. Ta wannan ƙofa da aka manta, a wancan lokacin baƙo yana iya faɗowa tsakar gidan mai masauki.

To, me ya haɗa Daura da wannan? Garin da aka aza wa harsashin Jami'ar Sufuri a 2019, ga kwalejoji, ga ofisoshin ƙananan hukumomi, ga tsadar inji da ta man janareto, dole ya so inji ɗaya ya yi aikin biyar, kuma hakan daidai ne. Amma ranar da sakamakon jarrabawa ya sauka a ɗaki ɗaya, takardar albashi a na kusa da shi, ɗalibai masu koyon aiki a na uku, magana ta wuce ta injiniya kaɗai. Magatakarda ko ma'aji ba sai ya iya harhaɗa ƙwaya ba, amma yana da ikon ya kira mai kula da injin ya tambaye shi waɗanne na'urori aka buɗe wa wane baƙo, wace aka mallaka wa wani, da kuma ranar da aka sabunta manhajar mai masauki ta ƙarshe, a rubuta amsar a fayil, a sa hannu.